Kifin da Aka Auna Sau Uku

Ina juya kifi a kan wayar banda sai na ji cau, ɗaya ya sulale ta ramin wayar ya faɗa wuta. Kafin in kai hannu, wani ya bi shi. Tun ina amarya nake banda a kan wayar nan, kifi bai taɓa wucewa ta cikinta ba.

Gajeriya, maƙwabciyata, ta leƙo ta kan katanga. "Yau kuma wuta kike ciyarwa? Ki shimfiɗa musu zani mana, jarirai ne."

"Ai mijinki ne ya kamo su."

"To, shi ma abin da ruwa ya ba shi ke nan."

Maigidana yana gefe yana ɗinkin komarsa, mai faɗin ido, wadda hannu ke shiga. Sauran masunta sun daɗe da komawa su da gidan sauro, wanda ko ƙwan kifi ba ya bari. Shi ya ƙi. Kamunsa ya ragu, shi ya sa nake karɓo kifin mijin Gajeriya in cika wayata. Maigidan nawa ya ɗauki ɗaya ya matsa cikinsa, ƙwai ya fito.

"Dubi nan," ya ce. "Bai kai ɗan yatsa ba, har ya fara ƙwai. Ya san ba za a bari ya girma ba."

*

Ana nan sai aka ce wata ma'aikaciyar gwamnati za ta zo ta ga abin da muke kamawa. Yayan maigidana shi ne shugaban masunta. Ya tara mutane a bakin ruwa ya ce, "In ta ga ƙananan nan, rufe mana ruwa za a yi. Me za ku ba 'ya'yanku?"

Maigidana ya ce, "Yaya, a bar ta ta gani. In an hutar da ruwan lokacin ƙwai, mu za mu ci gobe."

"Kai baki nawa kake ciyarwa? Yunwar yau ba ta san gobe ba."

Ranar da za ta zo, aka tura gidajen sauro cikin ciyawa, aka danne ƙananan kifi ƙarƙashin katakon jirage. Saura abin da za a nuna mata. Maigidana kaɗai ya dawo da babban kifi, wani giwan ruwa da ya wahala a kansa can nesa. Yaya ya miƙa hannu ya ce, "Ara mana." Ƙani ba ya hana wansa. Ya ba shi.

Ta zo da ma'auninta, yarinya ce mai ladabi, takalminta duk laka. Ta auna kifin a jirgin Yaya. Ana janye ta da surutu, aka zagaya da shi jirgin gaba, aka watsa masa ruwa, ta sake aunawa. Sau uku ta auna shi. Gajeriya ta raɗa min, "Wannan kifi ko da ransa bai yi yawo haka ba." Na yi dariya. Har yau ina nadamar dariyar nan.

Da za ta tafi, ta tsaya gaban maigidana. "Baba, gaskiya ba mu san abin da ya rage a ruwan nan ba. Jirgin ofishinmu ya daɗe da lalacewa, babu mai shiga ya duba. Abin da kuka nuna min shi kaɗai zan kai. Yaya kake ganin kifi bana?"

Ya dubi wansa, ya dubi ƙasa.

"Alhamdulillahi," ya ce. Haka masunci ke amsawa ko da jirgi wayam ya dawo.

*

Ba a rufe ruwa ba. Tunda an ce akwai manyan kifi, sai ma aka ba wasu baƙi izini, suka zo da jirage masu inji. Kusa da gaɓa ya zama kamar an share da tsintsiya.

Maigidana ya riƙa ƙara nisa, har inda ba a hango tudu. Na ce masa, "Baban yara, ka karɓi gidan sauron nan kamar kowa. Ga namu a ɗaki, ka kwance shi."

"In na ci jikokin kifi, me nawa jikokin za su ci?"

"Ka fara rayuwa tukuna ka gan su."

Ya yi murmushi, ya saɓa komarsa. Ranar iska ta taso da rana tsaka. Waɗanda ke kusa duk sun gudo. Shi jirginsa aka fara gani a kife, shi kuma sai washegari.

Yaya ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina, kansa a sunkuye. "Ki yi haƙuri, ƙanwata. Kwana ne ya ƙare."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

*

An dawo min da komar, babu inda ta yage. Na yi tallarta a bakin ruwa, babu mai so. Mijin Gajeriya ya ɗaga ta ya ce, "Allah ya jiƙan mai ita, amma kifin yanzu zai bi ta nan ya wuce ko kafaɗarsa ba ta goga ba." Da ita na kewaye kajina.

Na sa maƙeri ya yi min sabuwar waya mai ƙananan ramuka. Ta yi min aiki damina ɗaya. An ce ma'aikaciyar nan za ta dawo, kuma Yaya yana ta cigiyar wanda ya kama babba. Har yanzu bai samu ba.

Yau da safe ina juya kifi a kan sabuwar wayar, hayaƙi na shiga min ido, sai na ji cau.