Igwa da Gora a Fadamar Mabamba

Mubiru ya haura shekara sittin kafin 'yarsa da ke aiki a Kampala ta ce za ta saya masa gilashin kyamara, irin mai jawo nesa kusa. Guda ɗaya tak, in ji ta, kada kuma ya sake zuwa mata da zancen. Ya san duk wanda ya zaɓa, da shi zai ƙarasa sauran kwanakinsa na ɗaukar hoton tsuntsaye.

Wani mai kanti a Entebbe, tsohon abokinsa, ya ara masa guda biyu ya gwada, ya dawo da su kafin yamma. Ɗaya ƙato ne, sai an rungume shi kamar jariri, Mubiru ya sa masa suna Igwa. Ɗayan siriri, bai kai shi gani ba, ya ce wannan Gora ne. Da irin Igwa samarin yanzu ke ɗaukar hoton bulwe, wani ƙaton tsuntsun fadama, daidai lokacin da ya cafke kifi, kuma hoton da masu mujallu ke nema ke nan. Shekara talatin Mubiru na shiga fadamar Mabamba, bai taɓa samun sa ba. Kullum yakan ce laifin tsohon gilashinsa ne.

Nnalongo, uwar tagwaye, wadda ta daɗe tana tuƙa shi a kwalekwale, ta dubi Igwa ta tambaya ko yaƙi za su je. Ta ce kafaɗar da ba ta iya ɗaga tulu ce za ta ɗauki wannan? Ya shafa kafaɗar, don tun daga kan babur ɗin da ya kawo shi take masa zogi.

Suka kutsa cikin dogayen ciyayi, tana dogara sanda, ruwa baƙi kamar shayin da aka manta a wuta. Rana ta ɗaga sosai kafin su ga bulwe. Yana tsaye cikin bado, dogo, launin toka, da baki kamar takalmin katako, ya ƙura wa ruwa ido kamar wanda ya yar da wani abu tun bara yana jira ya taso.

Mubiru ya ɗora Igwa a kan buhun ƙaiƙayi a bakin jirgi, ya kafa ido. Abin mamaki, har wani ɗan ƙwaro ya gani yana tafiya a kan bakin tsuntsun, ya kai ƙarshe ya juyo. Ya ga farar fatar ido tana rufewa daga gefe. Amma duk bugun zuciyarsa sai tsuntsun ya yi tsalle a cikin gilashin, duk numfashin Nnalongo sai fadamar ta karkace. Ya ce ta daina motsi. Ta ce in yana so ta daina numfashi ma ya faɗa.

Awa biyu suna nan. Hannunsa ya mutu, gumi na shiga masa ido. Sai bulwe ya sunkuyar da wuya a hankali, ya faɗa ruwa gaba ɗaya da fukafukai a buɗe.

Da Mubiru ya dawo hayyacinsa, sai ya tarar yana kallon ƙafafunsa a cikin jirgi. Yatsansa bai taɓa maɓalli ba. Tsuntsun kuwa har ya haɗiye, yana kurɓar ruwa.

"Mzee, dattijo, me ka ɗauka?" in ji Nnalongo.

"Gilashin ne ya yi nauyi."

"Nauyi? Kau da kai ka yi, ina kallo. Gaiwa ya kama, kai kuwa ɗan zuriyar gaiwa ne. Shekara nawa ina bayanka, duk sanda ya kai bakinsa ruwa sai ka sunkuya kamar an tuɓe surukarka."

Gaskiya ta faɗa. Mutanen zuriyarsa ba sa cin gaiwa, 'yar'uwa suka ɗauke ta. Kakarsa ta wuce nan: in masunta suna fasa kan gaiwa a bakin ruwa, sai ta rufe masa ido da tafin hannunta mai warin hayaƙi. Bai san hannun na nan a kan idonsa har yau ba. Ya tambayi Nnalongo me ya hana ta faɗa masa tun tuni. Ta ce ta zaci ya sani, wa zai gaya wa mutum abin da wuyansa ke yi?

Ya dubi ƙaton gilashin. Ko ya ɗauki Igwa, gobe ma haka za a yi, jibi ma haka, ga kafaɗa ta ƙarasa lalacewa a banza. Ya naɗe shi a tawul ya kwantar a tsakiyar jirgi, ya ɗaura Gora a kyamarar. Da hannu ɗaya ya ɗaga shi. Bulwe ya fito ƙarami, da sararin fadama kewaye da shi, ya ƙoshi, yana lumshe ido. Mubiru ya danna sau uku.

"Wannan zan ce wa yarinyar ta saya," ya ce. "Wancan hoton kuma samari su yi ta ɗauka."

Nnalongo ta ce to, ta juya jirgi. A hanya suka maƙale a taɓo, dole ya naɗe wando ya sauka ya tura.