Mayafin Bikuna

A masaƙar barguna da ke Bompai, duk zaren da zai shiga inji sai ya bi ta hannun Malam Baffa. Shekara talatin da huɗu yana aikin haɗa zare da launi, kuma hanyarsa ɗaya ce tun farko. Zai ja sili ɗaya, ya warware shi da farce, ya ƙyasta ashana. In ya yi ƙauri irin na babbakar kan rago, tokar kuma ta murmushe a yatsa, to ulu ne, gashin dabba. In ya narke ya dunƙule ya yi baƙi, roba ce, ko me aka rubuta a jikin kwali. Dillalai da yawa sun sha kunya a gabansa. Mutumin nan har gefen hular baƙo ya taɓa ƙonawa, wai yana so ya san da wa yake magana.

Abu ɗaya ne bai taɓa kai wa ashana ba, wato mayafin wuyansa.

Marigayi Alhaji Bashir, wanda ya kafa masaƙar, shi ya ba shi. Ya dawo daga tafiya ƙasashen Turai, ya tara ma'aikata a bakin ofis, ya rataya masa shi da hannunsa. Mayafi ne ruwan ƙasa-ƙasa, mai laushi kamar kunnen jariri, an ɗinka ɗan ƙyalle a gefensa an rubuta VICUNA. Alhaji ya ce, "Wannan sarakuna ke sa shi. Ban ga wanda ya cancance shi a nan ba sai Baffa."

Daga ranar kalmar ta zauna a masaƙa, bakin mutane ya mai da ita bikuna. Bargo in ya fito da laushi, sai a ce ya yi bikuna. Tuwon mai abinci in ya tuƙu, bikuna ne. Har manaja mai sauƙin kai an taɓa yi, ana ce masa Bikuna a bayan idonsa. Amma ka tambayi kowa mene ne ita bikunar, sai ya ɗaga kafaɗa. Shi kansa Baffa bai sani ba. Abin da ya sani shi ne, cikin mutum ɗari uku Alhaji shi ya zaɓa, kuma wannan ya riƙe shi a shekarun da injuna suka yi ta tsayawa, abokan aiki suka watse zuwa masana'antun Sharada da Challawa. Yana ajiye mayafin a ƙasan akwati a gidansa na Hotoro, ba ya fito da shi sai da dalili.

Ranar da zai ajiye aiki dalili ne, don haka ya rataya shi ya zo.

Da hantsi yana zaune a ɗakin gwaji, wajen Rahila. Ita ce mai auna ƙarfin zare, 'yar kudancin Kaduna, shekararta goma sha biyu suna aiki tare ba su taɓa sa-in-sa ba. Ta dubi ɗan ƙyallen ta ce, "Baba, kun san ban taɓa bincika kalmar nan ba? Bari mu gani."

Ta latsa waya, sannan ta juyo masa da hoton. Wata 'yar dabba ce mai dogon wuya da manyan idanu, tsaye a kan dutse.

"Ga ta nan. Dangin raƙumi ce, amma ba ta da tozo, kuma ba ta fi barewa girma sosai ba. A kan duwatsun Kudancin Amurka take, wajen Peru, inda sanyi yake kamar ya kashe mutum. Ba a kiwonta. Sai an yi shekara biyu ko uku ake taruwa a kewaye su, a aske gashin, a sake su. Abin da ake samu a jikin guda ɗaya bai kai rabin kilo ba. Sunan dabbar ne, kuma sunan yadin da aka saƙa da gashinta."

Baffa ya karɓi wayar ya ƙura wa dabbar ido. Ya ji daɗi har cikin ransa, ya ce, "Ikon Allah! Ashe raƙumi nake ratayawa."

Ana cikin haka Musbahu ya leƙo. Direban motar kaya ne, kuma taubashin Baffa, don haka bakinsa ba shi da linzami a kansa. Da Rahila ta karanta cewa babu gashin da ya kai wannan tsada a duniya, sai ya tuntsire da dariya.

"Kai Baffa! Abin da ya fi kowane gashi tsada, shi Alhaji ya ba ka? Alhajin da ke kashe fanka in ya fita fitsari? To ina ashanar taka? Ko wanzami ba ya son jarfa?"

"Kyauta ba a gwada ta," in ji Baffa.

"Hular baƙo ma ai ba taka ba ce, ka ƙona."

Rahila ta ce, "Malam Musbahu, ku ƙyale shi mana. Yau ranarsa ce."

Amma magana ta riga ta shiga. Baffa ya ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a gaban dillali ba. In abin nan ya narke, to shekara ashirin da biyar yana taƙama da roba, kuma Alhaji ya yi masa wasan yara a gaban mutum ɗari uku. In kuma ya ƙi gwadawa, ya fita daga masaƙar nan yana mutumin da ya gwada kayan kowa ya ɓoye nasa. Ya zare mayafin ya shimfiɗa a kan tebur.

Ya ja sili ɗaya daga gezar. Ya warware shi da farce kamar yadda ya saba, ya ɗaga shi wajen taga. Sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, har Musbahu ya daina murmushi. Sannan ya ƙyasta ashana.

Silin ya kama, ya nannaɗe, ya ɗiga. Ba ƙaurin babbaka, sai wari mai hawa kai. Abin da ya rage ɗan dunƙule ne baƙi, ya murza shi a yatsa ya ƙi fashewa.

Musbahu ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi wasa nake yi, ɗan'uwa. Ban zaci haka ba."

Baffa bai kula shi ba. Ya sake jan wani silin, ya warware, ya miƙa wa Rahila. "Sa a madubinki. Me kika gani a cikin ruwan ƙasar?"

Ta duƙa a kan madubin gwaji mai ƙara girman abu. "Akwai shuɗi, Baba. Ɗan kaɗan, jefi-jefi."

"Ɗaya cikin ɗari. Ruwan ƙasa in ka bar shi haka yana yin ja, sai na riƙa jefa masa shuɗi ya kwantar da shi. Haɗina ne wannan, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Alhaji." Ya shafa mayafin da bayan hannu. "Shekarar da ta gabaci tafiyarsa Turai mun yi wani zaren roba mai laushi a nan, wani Bature ya kwashe shi gaba ɗaya. Ko tsumma ba a bar mana ba."

Rahila ta ɗago. "Wato can aka saƙa shi, aka liƙa masa suna, Alhaji ya sayo?"

"Ko ya sani, ko shi ma an yi masa. Yana kabari, ba zan tambaye shi ba."

Abin ya yi masa ciwo, ba ya musu, har idonsa ya kawo ruwa. Ya nemi almakashi a wajen Rahila, ya bi ɗinkin a hankali ya cire ɗan ƙyallen mai rubutu, ya ajiye mata kusa da wayarta. Sannan ya mai da mayafin wuyansa.

Musbahu ya ce a sanyaye, "Za ka sa shi kuma? Yanzu fa za a taru a yi maka sallama."

"Zan sa. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa wuce hannun nan da roba." Ya gyara gezar a ƙirjinsa, ya nufi ƙofa. "Sai ni."