Gudun da Kaka Ba Ta Gani Ba

Shunpei Aramaki ya wuce mutum shida a tseren jami'o'i na miƙa ɗamara daga ɗan gudu zuwa ɗan gudu, wanda duk Japan ke kallo a talabijin a farkon shekara. Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Bayan kwana uku ya hau jirgin ƙasa zuwa Akita, wajen kakarsa, yana sa ran yabo.

Kaka ta zuba masa miya mai zafi, ta dube shi da tausayi.

"Ba komai, ɗan nan, baɗi za su saka ka."

"Kaka, ai na yi gudun! Kilomita ashirin da ɗaya."

"Awa shida ina gaban akwatin nan, ko bayi ban shiga ba. Abokinka Iwao dai na gani, wanda ya faɗi yana kuka. Sau tara suka nuna shi. Yaro mai zuciya!"

Iwao kuwa shi ya karɓi ɗamara daga hannun Shunpei, ya zubar da duk matsayin da aka samo. Shunpei ya ɗauko jarida, ya nuna mata sunansa can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe. Ta sa tabarau, ta duba, ta ce ita lambobi kawai take gani.

Ya fita tsakar gida ya kira Iwao a waya, ransa a dagule.

"Don Allah kar ka zage ni," in ji Iwao. "Wasiƙu ɗari biyu na samu, har da kwandon tuffa. Ban taɓa mummunan gudu irin wannan ba, amma koci ya ce gobe in shirya, za a yi hira da ni. Me zan ce musu?"