Ƙanƙarar da Ta Ja da Baya

Orval Haugen ya yi wa matarsa ƙarya washegarin shigarsu jirgin ruwa, ƙaryar kuma ba ta fi tsawon numfashi ɗaya ba.

"Ta cika, Marlys," ya ce, yana rataye hularsa. "Tafiyar ƙanƙara ta cika maƙil, ko wurin da kyanwa za ta tsuguna babu. Sai na karɓo mana ta kallon kifi."

Marlys tana zaune a bakin gado. Ta karkata kai gefe kamar kaza mai duban shaho, domin haka take ganin mutum yanzu. Tsakiyar idonta ta mutu tun bara, gefe-gefen ne ya rage, shi ma likita ya ce kada ta yi masa dogon buri.

"To, ba rabo," ta ce. Ta ci gaba da laluben maɓallin rigar sanyinta.

'Yarsu ce ta shirya musu wannan tafiya zuwa Alaska, a irin manyan jiragen nan da suke kamar an ɗora unguwa guda a kan ruwa. Jirgin zai tsaya a garin da suka haɗu suna samari, daga hantsi zuwa la'asar kawai, kuma fita biyu aka shirya wa fasinjoji a lokaci ɗaya. Ɗaya, bas zai kai mutane bakin tafki, a sa su a dogon kwalekwale har gaban kogin ƙanƙarar da ya sauko ta tsakanin duwatsu. Ɗayar, ƙaramin jirgi zai fita teku neman kifin wel, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Mutum ba ya raba kansa biyu, dole ya zaɓa.

Marlys ta riga ta zaɓa tun a gida. A garin nan suka yi aikin kamfanin kifin gwangwani, ita tana fiɗa, shi yana kan injin murfi. Wata Lahadi suka taka da ƙafa har gindin ƙanƙarar, Marlys ta ɗora tafin hannunta a jikinta, ta ma lasa don ta ji ko tsufa yana da ɗanɗano. A nan Orval ya nemi aurenta, haƙoransa suna kaɗawa. Abin da ta riƙe daga ranar shi ne shuɗin da ke cikin tsagar ƙanƙarar, shuɗin da ta ce ko mai rini bai san shi ba. Shuɗi kuwa yana cikin 'yan launukan da idonta bai saki ba tukuna.

"In sake ganinsa sau ɗaya kafin a kashe mini fitila," haka take faɗa.

Shi kuma Orval yana da nasa ƙaiƙayin. Akwai abin da manyan kifayen nan suke yi wanda bai taɓa barin zuciyarsa ba. Sukan haɗu a ƙarƙashin ruwa su kewaye garken ƙananan kifaye, suna busa numfashi har kumfa ta zama koma, sannan su taso gaba ɗaya baki buɗe. Kifi yana kamun kifi da komar iska! Duk wanda ya zauna a garin ya gani, har mai dafa musu abinci da ba ruwansa da komai. Orval kaɗai, duk sanda ya fito da gudu sai a ce masa, "Ai yanzun nan suka nutse." Ya tsufa da wannan magana a kunnensa.

Da ya tsaya gaban yarinyar da ke ba da tikiti ta ce, "Wacce, Baba?" bakinsa ne ya riga shi. A hanyar komawa ɗaki ya yi ta lallashin kansa. Kifi yana da wutsiya, yau yana nan gobe ba ya nan. Ƙanƙara kuwa ba ta da ƙafa. Ai yana tune da ita sarai, tsaye a bayan gari, ana ganinta daga ƙofar kamfani. In sun dawo daga teku sai ya juyar da Marlys ta fuskance ta, shi ke nan, kowa ya samu nasa.

Da safen ranar da jirgin zai tsaya a garin, suna karin kumallo, Duane Pettibone ya zauna a teburinsu. Tsohon dillalin taraktoci ne, mai murya kamar yana magana da wanda ke ƙetaren gona.

"Manya, yau ina aka nufa?"

"Kifi," in ji Orval, idonsa a kan faranti.

"Kifi! Ka baro gida ka zo har nan don kallon abin da ake sawa a gwangwani? Mu ƙanƙara za mu. Jiya da yamma na karɓi tikiti, yarinyar har godiya take mini, wai kwalekwalen rabinsa ba kowa."

Fanken da ke bakin Orval ya zama kamar tsumma. Marlys kuwa ta gama shafa man shanu a nata, gefe zuwa gefe, ba ta bar ko kusurwa ba.

"Tsoho, miƙo mini zumar nan," ta ce.

Da suka sauka tasha, bas ɗin ƙanƙara yana hagu, ƙofarsa a buɗe, mai jagora yana ɗaga allo yana kiran ragowar mutane. Jirgin kifi yana dama. Marlys tana riƙe da gwiwar hannunsa. Orval ya tsaya. Da zai je ya ce a canza musu, da ba wanda zai hana. Sai wani a jirgin kifi ya ɗaga murya, wai tun asuba ake ganinsu suna kafa koma a bakin mashigi. Ƙafafun Orval suka yi dama.

Suka gani kuwa. Wato shi ya gani.

Matuƙiyar jirgin ta ce a ɗauki jirgin kamar fuskar agogo, gaba sha biyu, baya shida, in ta kira ƙarfe kowa ya juya can. Ta kashe inji. Ruwa ya kwanta kamar man gyaɗa a tukunya. Fararen tsuntsaye suka fara taruwa wuri ɗaya, don su ne suke fara sani, ba a kuma san wa yake gaya musu ba. Sai zobe na kumfa ya bayyana a kan ruwa, yana zagayawa har ya haɗe.

"Ƙarfe biyu!"

Teku ta tsage. Bakuna suka taso a tare, kowanne ya isa mutum ya shiga da kekensa, maƙogwaronsu a kumbure, ruwa yana zuba, ƙananan kifaye suna tsalle kamar an watsa azurfa. Orval ya ji ihu yana fita daga bakinsa, irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Ya juya ya kama kafaɗar Marlys don ya ce ta duba.

Tana fuskantar ƙarfe huɗu. Ta karkata kai tana neman abin da gefen ido, amma baƙin kifi a baƙin ruwa ba ya kamuwa haka. Tana tafi a hankali, don ta ji mutane suna tafi.

"Sun taso?" ta ce.

"Sun taso."

"Yadda ka zata?"

"Sun fi."

"Madalla." Iska ta kawo musu numfashin kifayen, ta toshe hanci. "Kai! Wannan ai warin kamfaninmu ne ranar da injin sanyi ya mutu. Ka ga ni ma na samu rabona."

Mutanen kusa suka yi dariya. Orval bai yi ba. Sau biyu kifayen suka sake tasowa, yana kallo, amma kamar mai cin tuwon da ya ƙwace a hannun mara lafiya.

Suna dawowa tasha ya juyar da ita wajen bayan gari, kamar yadda ya tsara. Ya ɗaga kai. Baƙin dutse ya gani, da itatuwa, da mikiya guda a kan turken lantarki. Ya matsa gaba, ya leƙa ta gefen wani shago. Ba komai.

"Baba, ka yar da wani abu ne?" Wata mai tasi ce, jingine da motarta tana cin busasshen kifi. An rubuta Jolene a ƙirjin rigarta.

"Ƙanƙarar. A nan take. Daga nan ake ganinta."

"A zamanin wa? Ai ta daɗe da kwashe kayanta. Kakata ma tana cewa ta gan ta daga tagar kicin, mu sai dai mu ce to."

"Kai mu wurinta."

Jolene ta dubi agogo, ta dubi ƙaton jirginsu. "Ka san dokarsu ko? Wanda suka fita da shi, suna jiransa. Wanda ya fita da ƙafarsa, sai dai ya ɗaga musu hannu daga tasha. Ina da ɗaki a bayan gida, amma karena yana minshari."

"Kai mu," in ji Orval. Marlys ta shiga mota.

Da suka isa bakin tafkin suka iske kwalekwalen ya riga ya dawo, mutane suna hawa bas. Duane ya leƙo ta taga, fuskarsa ja wur.

"A'a, masu kifi! Ɓatan kai kuka yi? Haugen, ka cuci kanka! Har gabanta muka je, shuɗi kamar ka ɗebo ka sha!"

Bas ya tashi da shi yana magana. Jolene ta ce in bas ɗin nan ya isa tasha, tsanin jirgi za a janye, don haka su yi abin da ya kawo su. Ta koma mota.

Orval ya ja matarsa zuwa bakin ruwa. Ya gane wani dutse mai kama da sirdi, inda suka ajiye abincinsu a waccan Lahadin. Daga nan taku kaɗan ne zuwa jikin ƙanƙarar. Yanzu tafki ne shimfiɗe, mai launin ruwan wanke shinkafa, kuma can ƙarshensa, a tsakanin duwatsu, wani ɗan fari kamar hankicin da aka manta a kan igiya.

"Ina take?" in ji Marlys.

"Ga ta can gabanki. Babba, ta cika wurin, ga shuɗin yana..."

"Orval. Ƙarya ɗaya ta ishe ni a tafiyar nan."

Ruwa yana lasar tsakuwa.

"Tana da nisa," ya ce. "Ta yi nisa ƙwarai. Ni ma da ƙyar nake ganinta. Ba shuɗi daga nan, sai an shiga kwalekwale." Ya juyo ya fuskance ta. "Kwalekwalen kuma bai cika ba."

"Na sani."

"Tun da Duane ya..."

"Tun kafin mai tarakta ya buɗe baki. Kai in za ka yi ƙarya sai ka sa dabba a ciki. Ranar da ka fasa motar yayana, barewa ce. Wannan karon kyanwa."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ina jira in ga ko za ka juya da kanka. A tasha ka tsaya, na ji a hannunka. Na ce a raina, yawwa, ga mijina ya dawo." Ta gyara wuyan rigarta. "Sai muka yi dama."

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya dubi ruwa don ya rasa inda zai sa idonsa. Sai ya ga wani guntun ƙanƙara yana yawo ba nisa da gaɓa, wanda ya ɓalle daga uwar ya biyo iska. Bai cire takalmi ba. Ruwan ya kama ƙafarsa kamar haƙora, ya hau gwiwa, ya kai cinya.

"Tsoho! Me kake yi? Na ji ruwa!"

"Baba, in ka mutu a nan ba ni zan ɗauke ka ba!" in ji Jolene daga mota.

Ya rungumo guntun, girmansa kamar burodi, ya fito yana rawar jiki, ya ɗora mata a hannu biyu. Marlys ta kai shi gefen idonta. Ta juya shi, ta ɗaga shi wajen haske, ta sake juyawa. Orval yana kallon fuskarta.

"Kamar gilashi," ta ce. "Ba shuɗi."

Haka ne kuwa. Shuɗin ba ya yarda ya biyo ɗan guntu, a jikin uwar kaɗai yake zama. Orval ya san wannan tun yana saurayi, ya manta ne don yana so ya manta.

Marlys ba ta yar ba. Ta tsaya cak, ta kai guntun kusa da kunnenta. Yana ƙara, tas, tas, ƙasa-ƙasa, kamar gero a kasko. Iska ce da ƙanƙarar ta haɗiye tun ba a haifi kakan kakan kowa ba, take samun ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Ruwa yana bin hannunta yana shiga hannun riga, ba ta kula ba.

Jolene ta danna ham ɗin mota, ta sake dannawa.

"Marlys," ya ce, haƙoransa suna kaɗawa. "Jirgi."

"Ka ga naka har ƙarshe, ban ce maka jirgi ba."

Ta mayar da guntun ɗaya kunnen. Orval ya juya ya ɗaga wa mai tasi hannu, alamar ta kashe mota. Sannan ya zauna a kan dutsen mai kama da sirdi, ruwa yana tsiyaya daga wandonsa, yana jiran ƙanƙarar ta narke.