Takalmin Mai Ta'aziyya

Scholastica ta karanta takardar sau biyu, sannan ta cire tabarau. Lauya ce mai taimakon marasa ƙarfi a wani ɗan ofis a unguwar Handsworth ta Birmingham, kuma sati shida Giɗaɗo ya yi yana jiran ganinta.

"Ka taɓa kai ƙara a kan korar nan?"

"Na taɓa, a Manchester. Amma na janye."

Shekara biyu ke nan. Council, wato hukumar gari mai ba su kwangila, ta tsuke bakin aljihu, kamfanin da yake wa aikin injiniya ya ce zai rage ma'aikata, sai ragin ya tsallake kowa ya dira kan baƙar fata ɗaya tilo da ke sashen. Giɗaɗo ya kai ƙara. Saura sati uku a zauna a kotu, mahaifiyarsa ta rasu a Gombe.

Ranar sadakar uku sai ga manajan kamfanin a ƙofar gidansa na Manchester. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa cikin masu makoki, har da shan kunu. Ya ce a bar maganar kotu, kujerarsa na nan tana jiransa. Giɗaɗo kuwa, Allah sarki, kunya ce ta yi masa yawa. Wanda ya zo maka gaisuwar uwa, da wane ido za ka dube shi gaban alƙali? Washegari ya rubuta ya janye. Kujera dai shiru kake ji. Gadin sito ya ƙare da shi a Birmingham.

Takardar da ya kawo yau wani tsohon abokin aiki ne ya turo masa. Saƙo ne da manajan ya aika wa na sama da shi a yammacin ta'aziyyar: "Na je, na zauna a ƙasa, na sha wani abu kamar siminti. Zai janye. Irinsu kada a sake ɗauka."

"Da ka janye, alƙali ya kori ƙarar," in ji Scholastica. "Ba a sake shigar da ita. Lokacin neman a sake dubawa ma ya wuce tuni."

"Amma madam, ga evidence a hannunki! Ba a ma saurare ni ba!"

"Na gani. Kai ka ce kada a saurare ka."

Ta miƙo masa takardar, ta leƙa ta kira na gaba.

Ya fita ya tsaya a tashar bas. Ba maganar simintin ce ta fi ci masa rai ba. Ya tuna ranar, da manajan ya tashi tafiya, shi da kansa ya riga shi zuwa ƙofa, ya durƙusa ya juya masa takalman don ya ji daɗin sakawa. Da ya ga laka a ɗaya, ya sa hannun rigarsa ya goge.