An Toshe Nguru

Aikina a kwalejin nan ta Gashua kallo ne kawai, an ba ni ido an hana ni hannu. A 2008 aka buɗe shafin intanet na neman gurbin karatu, aka zaunar da ni gaban kwamfuta. Duk wanda ya shiga shafin, sai layi ya fito a allona: lokaci, lambar katin rajistarsa, lambar inda ya shigo, da abin da ya same shi. In an sami matsala layin ya yi ja, saƙon gargaɗi ya shigo wayata. Gyara kuwa sai Tersoo, injiniyan da ya gina shafin, shi kuma yana Abuja.

Ranar rufe rajista, ƙarfe biyu saura, saƙo ya shigo: wai ana kai wa shafin hari, an gwada shiga sau ɗari uku daga lamba ɗaya, don haka an toshe ta. Ina ganin lambar na gane ta, ta kafen intanet na Bartholomew ce a Nguru. Hari kuma! Ɗaliban Nguru da na Machina duk ta kafen nan suke shiga, babu wani. Shafin ya ɗauki gari guda a matsayin mutum ɗaya.

Ƙanwata Haula tana cikinsu. Bara zazzaɓi ya hana ta nema, bana kuwa Baba ya ce shi ne gwaji na ƙarshe, in ba ta samu ba ta zauna shagon ɗinkin Inna Fanne.

Ta kira ni. "Yaya, tun safe nake layi, yanzu da na zauna ya ƙi. Ko in shiga mota in zo Gashua?"

Ƙarfe huɗu za a rufe. Da a lokacin ta nufi tasha, da ta iso kafen Gashua da sauran lokaci. Ni ba zan iya cike mata ba, don an hana kwamfutocin ma'aikata buɗe fom, kada mu yi son kai, ga hoto da takardu duk suna hannunta. Na ce ta dakata in kira Abuja.

Sai a kira na biyar Tersoo ya ɗauka. Ya ce yana taro, in ba shi minti goma.

"Oga, minti goma fa?"

"Minti goma, Sabitu."

Na yarda da shi. Da bakina na ce wa Haula ta zauna.

Daga nan sai kallo. Na haddace lambar katinta, ina ganinta tana fitowa kowane minti biyu, ja, ja, ja. Waya na yin ƙara in zabura in ce Tersoo ne, sai in tarar na'ura ce take faɗa mini abin da na riga na sani. Na ruga wurin magatakarda, ya ce shi ba ya sa baki a abin da kwamfuta ta yanke. Na dawo kujerata, haushi kamar in fasa allon. Uku ta wuce, maganar mota ta mutu, Tersoo ya daina ɗauka.

Bartholomew ya kira. "Malam Sabitu, yara sun cika shago har waje, wasu suna kuka. Me zan faɗa musu?" Na ce su ci gaba da gwadawa.

Ƙarfe huɗu da minti shida allon ya koma kore. Saƙo ya shigo: an cire toshiya, komai lafiya. Nan take Haula ta kira cikin murna.

"Yaya, ya buɗe! Ga shi yana juyawa!"

Layinta ya riga ya fito a gabana. Kore ne: shafi ya amsa mata daidai, cewa an rufe rajista. Babu gargaɗin da ya biyo baya, don a wurin na'ura wannan ba kuskure ba ne.

"Yaya, kana ji na? A wajenka me ya nuna?"