Akwatin Zaɓen Aji Huɗu

Takarda ta ƙarshe ce a hannun Malama, aji huɗu kuwa ya yi tsit, ko tari babu mai yi. A allo, Aku tana da ƙuri'a goma sha tara, ɗan mai gyaran keke shi ma goma sha tara. Wannan 'yar takardar ce za ta fitar da monita.

Ta warware ta. Yaron da ya jefa ta a gaban sunan ɗan mai gyaran keke ya yi alamarsa, sai dai fensirin ya zame, wutsiyar alamar ta gangaro ta taɓa sunan Aku. Ita kaɗai ke ganin takardar. Duk wanda ta kira, babu mai musa mata.

Mako uku ta yi tana koya musu yadda mutane ke zaɓen shugabanninsu. Da kwali ta yi niyyar yin akwatin, sai labari ya kai kunnen maƙwabcinta, Baba Kafinta, wanda katanga ɗaya ce tsakaninsu. Aku jikarsa ce, bakinta ba ya riƙe magana, shi ya sa sunan ya bi ta. Tsohon ya yi wata biyar bai taɓa zarto ba saboda ciwon ƙirji, amma ya aiko a gaya wa Malama ba za a yi zaɓe a kwali ba yana numfashi. Kwana tara ya yi a kan aikin yini ɗaya. Ya buga ƙusa biyu, ya zauna ya huta. Ran da aka kawo mata akwatin ya kwanta, bai sake tashi ba. Yau da safe surukarsa ta ce mata ko ruwa da ƙyar yake haɗiya, tambayarsa ɗaya ce, an yi zaɓen?

Malama ta dubi Aku, wadda ta cije gefen littafinta. Sannan ta ɗaga takardar sama yadda kowa zai gani, ta kira sunan ɗan mai gyaran keke.

Da la'asar ta shiga gidan Baba Kafinta. An jingina shi da matasai biyu kusa da taga, tabaraunsa a kan kujera tare da kwalaben magani. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Malama ce? Amaryata ta ci?" Haka yake kiran jikar tasa.

Tun a hanya ta shirya amsa mai laushi, amma da ta ga idonsa sai ta kasa.

"Ba ta ci ba, Baba. Ƙuri'a ɗaya ce tsakaninsu."

Ya rufe ido. Ta daɗe tana jin numfashinsa yana fita da ƙara, har ta fara da-na-sani. Sai ta tsinci kanta tana ba shi labarin takardar da wutsiyar fensirin.

"Da na kira sunanta, babu wanda zai sani," ta ce.

"Ke fa?"

Bai jira amsarta ba, ya ƙara tambaya.

"Kafin a fara, kin nuna musu cikin akwatin?"

"Na buɗe, na kifa shi, na bubbuga gindinsa."

"Madalla." Ya nemi ruwa, ta riƙe masa kofi ya jiƙa leɓe. "Ina saurayi aka ba maigidana aikin akwatuna arba'in na babban zaɓe. Ni na yi musu murfi. Da sassafe ran zaɓen aka dawo mana da guda, wai murfin ya tsage. Na ɗaga na ji nauyi. Ba a buɗe rumfa ba, amma cike yake da takardu."

"Me kuka yi?"

"Na gyara murfin, 'yata. Na gyara shi da kyau." Ya kau da kai wajen taga. "Tun ran nan ban sake bin layin zaɓe ba. Kira mini ita."

Aku na laɓe a bayan labule, ido duk ya kumbura. Ta shigo tana jan ƙafa.

"Zo nan," ya ce. "Ke da ko zaɓen aji kin kasa ci, da wane ido za ki dube ni? Na fasa auren."

"Dama wa ke son tsoho marar haƙori?" ta ce, hawaye da dariya suka haɗe mata. Ta kwantar da kai a gefen katifar, ya ɗora hannu a kan kitsonta. Malama ta fita a hankali.

Bayan kwana biyu, da hantsi, tana rubutu a allo sai mai gadin makaranta ya leƙo ya yafito ta. Da ta ga ya cire hularsa, ba ta tambaye shi komai ba. Ta koma ta ƙarasa jimlar da ta fara, don hannunta bai san abin da zai yi ba in ba wannan ba.

Washegari bayan an tashi, ta kai ajin gaisuwar rasuwar Baba Kafinta. Shi ne aikin farko da ya faɗo wa sabon monita. Ya tsaya a ƙofar gidan fuska a ɗaure, yana shigar da su bibbiyu, yana raɗa wa kowa ya cire takalmi. Suka zauna a tsakar gida a takure, gwiwa na gugar gwiwa. Aku na jikin uwarta. Tunda Malama ta san ta, yau ne ta fara ganin bakinta a rufe.

Monitan bai shigo ba. Da Malama ta leƙa, ta same shi a tsugune yana jera takalman a gindin katanga, ƙafa da 'yar'uwarta. Can sai ga Aku ta fito ta tsaya a kansa tana kallo. Wani ɗan silifa ya kife a bakin kwata. Ta ɗauko, ta kakkaɓe shi a jikin siket ɗinta, ta miƙa masa.